Wa ya karkatar da Indiya zuwa Isra'ila: Modi ne, ko abin ya girme shi?

Abu_Safiyya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu bin tarihi da siyasar duniya. Tun tasowarmu abin da muka sani shi ne Indiya tana sahun gaba wajen tsaya wa Falasɗinawa. Amma ranar 7 ga Oktoba 2023, ko yini ba a yi ba, Narendra Modi ya fito ya rubuta cewa Indiya tana tare da Isra'ila. Da aka zo ƙuri'ar neman tsagaita wuta a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 27 ga watan, Indiya ta yi rowar ƙuri'arta. A ganina Modi da jam'iyyarsa ta BJP ne suka rusa abin da su Gandhi da Nehru, firaministan Indiya na farko, suka gina, kuma ƙin Musulmi ne tushen abin. Abin yana ci mini rai, domin ƙasa ce mai Musulmi kusan miliyan 200. Wanda yake da wata fahimta daban, don Allah ya taimaka.

Garba_Kofar_Mata:
Wa alaikumussalam. Ai ka gama magana Abu Safiyya. Mutumin da yake mulkin Gujarat lokacin kashe-kashen 2002, me za a sa ran ya yi wa Falasɗinawa?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Rabin maganarka gaskiya ce, amma rabin da ya rage shi ne mai tsawo. Bari in fara daga tushe.

Gaskiya ne Gandhi ya rubuta a jaridarsa ta Harijan a Nuwamban 1938 cewa Falasɗinu ta Larabawa ce kamar yadda Ingila take ta Ingilishi, Faransa ta Faransawa. Ya nuna tausayinsa ga Yahudawa kan abin da Hitler yake musu, amma bai yarda a ɗora wa Larabawa nauyin biyan wannan bashin ba. A 1947 Indiya tana cikin kwamitin ƙasashe 11 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kan makomar Falasɗinu. Mafi yawan kwamitin suka ce a raba ƙasar biyu. Indiya da Iran da Yugoslabiya suka ce a'a, a yi ƙasa ɗaya ta tarayya. Wakilin Indiya a kwamitin ma Musulmi ne, alƙali Sir Abdur Rahman. Har Albert Einstein sai da ya rubuta wa Nehru wasiƙa yana roƙonsa ya goyi bayan kafa ƙasar Yahudawa, Nehru ya amsa masa cikin ladabi bai canja ra'ayi ba. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 aka yi ƙuri'a, 33 suka amince da rabon, 13 suka ƙi, Indiya na cikin waɗanda suka ƙi. Ku tuna ita kanta watanni uku ke nan da aka tsaga ta aka fitar da Pakistan, jini bai bushe ba. A Mayun 1949 ta sake ƙin amincewa a shigar da Isra'ila Majalisar.

To amma ga abin da mutane ke tsallakewa: ranar 17 ga Satumba 1950, Nehrun nan dai shi ne ya amince da Isra'ila a matsayin ƙasa. Modi a ranar aka haife shi. Ku duba, ranar haihuwarsa ke nan, 17 ga Satumba 1950.

Ummu_Khalil:
Allah ya gafarta Malam, to idan ta amince da ita tun 1950, me ya hana buɗe ofishin jakadanci har sai 1992? Shekara 42 fa.

Malam_Tarihi:
Tambayar ke nan, Hajiya. Kashmir ce babbar amsa. Tun 1948 rikicin Kashmir yake gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, Pakistan kuma tana zagaya ƙasashen Larabawa tana cewa yaƙin Musulunci ne. Nehru ba ya son ya miƙa mata sandar da za ta doke shi da ita. Sannan akwai Musulmin da suka zaɓi zama a Indiya bayan rabuwa, waɗanda jam'iyyar Nehru ta Congress take buƙatar su amince da ita, ga shi ministan ilimi Maulana Abul Kalam Azad mutum ne da Nehru yake jin maganarsa kan harkar ƙasashen Musulmi. Ga kuma abotarsa da Jamal Abdul Nasir na Masar, wanda tare suka kafa Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu. Da Isra'ila ta haɗa kai da Ingila da Faransa suka auka wa Masar a 1956 kan mashigin Suez, sai ƙofar ta ƙara rufuwa. Abin da aka bar wa Isra'ila kawai shi ne ƙaramin ofishin jakadanci a Bombay daga 1953, can nesa da fadar gwamnati da ke Delhi.

Sojan_Ritaya:
Malam Tarihi ka kawo ta fili, bari in kawo ta bayan fage. A 1962 da Sin ta yi wa sojojin Indiya kaca-kaca a tsaunukan Himalaya, Nehru ya aika wa shugabannin duniya wasiƙun neman ɗauki, har da Ben-Gurion, firaministan Isra'ila. Isra'ila ta aiko da manyan bindigogi da harsasai. Abokan Nehru na 'Yan Ba-ruwanmu kuwa mafi yawansu sulhu kawai suka yi ta kira. A 1971, yaƙin da ya haifi Bangladesh, Isra'ila ƙarƙashin Golda Meir ta sake tura wa firaminista Indira Gandhi makamai a ɓoye, alhali ƙasashen Musulmi irin su Jordan da Iran da Saudiyya suna bayan Pakistan. Hukumar leƙen asirin Indiya ta RAW da aka kafa a 1968 tun farkonta take da hulɗa da takwararta ta Isra'ila, Mossad. Abin ya zama kamar mai zuwa zance da dare, da rana kuma ya wuce ƙofar gidan ko sallama babu. Duk wanda ya yi aikin soja ya san cewa ranar da harsashi ya ƙare maka, wanda ya miƙo maka akwati ba ka mantawa da shi.

Garba_Kofar_Mata:
Ranka ya daɗe, irin waɗannan labaran na asiri kowa yana iya ƙirƙira. Ina hujja?

Sojan_Ritaya:
Na 1971 yana cikin takardun P.N. Haksar, babban mashawarcin Indira, waɗanda masu bincike suka duba daga baya. Sannan a 1977 Moshe Dayan, yana ministan harkokin wajen Isra'ila, ya shiga Delhi a ɓoye ya gana da firaminista Morarji Desai. Shi kansa Dayan ya rubuta labarin tafiyar. Ya nemi cikakkiyar hulɗa, Desai ya hana shi, ya koma hannu rabbana. Amma dai an karɓe shi, an zauna da shi.

Hajiya_Bilki:
Ni ban yarda a mayar da goyon bayan da Indiya ta ba Falasɗinu kamar wasan kwaikwayo ba. A 1974 ita ce ƙasa ta farko da ba ta Larabawa ba da ta amince da PLO, ƙungiyar fafutukar 'yantar da Falasɗinu, a matsayin halattacciyar wakiliyar Falasɗinawa. A 1975 aka buɗe ofishin PLO a Delhi, a shekarar kuma ta jefa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin da ya kira aƙidar Sahayoniyanci wariyar launin fata. A 1980 aka ɗaga ofishin ya zama cikakken ofishin jakadanci. Yasir Arafat yana kiran Indira 'yar'uwarsa. A 1981 har kan sarki suka buga na nuna goyon baya ga Falasɗinawa. A 1988 tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ƙasar Falasɗinu. Mutanen da Turawa suka mulka kusan shekara ɗari biyu sun san zafin mamaya a jikinsu. Wannan ba lissafin ƙuri'a ba ne kaɗai.

DanZinder:
Hajiya gaskiyarki, amma a tambaya: me aka saka mata da shi? A Satumban 1969, bayan an cinna wa Masallacin Ƙudus wuta, shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat. An gayyaci Indiya saboda yawan Musulminta, ta turo tawaga ƙarƙashin minista Fakhruddin Ali Ahmed, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Shugaba Yahya Khan na Pakistan ya kulle kansa a masauki ya ce ko shi ko su. Aka hana tawagar Indiya shiga zaman ƙarshe. Daga wannan taron aka haifi ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, kuma shekara da shekaru tana fitar da ƙuduri kan Kashmir da ke sukar Indiya. Jami'an Delhi sun daɗe suna cewa muna ba su ƙuri'armu kan Falasɗinu, su kuma suna ba Pakistan tasu kan Kashmir. Ba ina wanke Indiya ba ne, zaluncin da ake yi a Kashmir gaskiya ne. Amma riƙon sakainar kashi da aka yi mata ya taimaka wa masu cewa a juya.

Abu_Safiyya:
Na gode ƙwarai, ina ƙaruwa. Amma har yanzu ba ku kai ni inda nake so ba. Taimakon ɓoye daban, rungumar juna a gaban kyamara daban.

Mai_Lissafi:
Yaya Abu Safiyya, mahaɗar tana 1991 zuwa 1992, kuma Congress ce take mulki, ba BJP ba. A tsakiyar 1991 kuɗin ƙasashen waje da suka rage wa Indiya ba su wuce na sayayyar makonni kaɗan ba. Sai da ta ɗauki zinariyarta, tan 67, ta jinginar a Ingila da Suwizalan. P.V. Narasimha Rao ya hau mulki ya naɗa Manmohan Singh ministan kuɗi, suka buɗe tattalin arziki, suna neman bashin IMF da yardar Amurka. A daidai lokacin Tarayyar Sobiyet, wadda ita ce take ba su mafi yawan makamai, ta wargaje. Jiragen MiG da tankokin yaƙi suna nan, kayan gyara babu tabbas, Isra'ila kuma ta ƙware wajen sabunta irin waɗannan kayan na Sobiyet. Sannan a Oktoban 1991 Larabawa da Falasɗinawa da kansu suka zauna da Isra'ila a taron Madrid. Idan mai ɗaki ya zauna tebur ɗaya da abokin faɗansa, maƙwabci ba shi da dalilin ci gaba da gaba.

A Disamban 1991 Indiya ta jefa ƙuri'ar soke wancan ƙudurin na 1975 da Hajiya Bilki ta ambata. A Janairun 1992 Rao ya karɓi baƙuncin Arafat a Delhi, Arafat ya faɗa wa 'yan jarida cewa musayar jakadu hurumin kowace ƙasa ce mai 'yanci. Sin ta ƙulla tata hulɗar ranar 24 ga Janairu, Indiya ta biyo baya ranar 29. Kwana biyar tsakani.

Baba_Alhaji_Kd:
Yaro ka tuna mini. A shekarar nan ta 1992 ɗin dai Najeriya ma ta mayar da hulɗa da Isra'ila, zamanin Babangida, bayan mun yanke a 1973 tare da sauran ƙasashen Afirka saboda yaƙin Oktoba. Tun zamanin Sardauna ake wannan ja-in-ja a nan, gwamnatin Arewa ta ƙi karɓar tallafin Isra'ila alhali Yamma da Gabas suna karɓa. Kuma kada mu manta ranar 30 ga Disamba 2014, a Kwamitin Sulhu, ƙudurin Falasɗinu yana buƙatar ƙuri'a tara ya samu takwas, Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi jefawa. Kafin mu nuna Indiya da yatsa mu duba gidanmu.

Garba_Kofar_Mata:
Baba wannan ai Jonathan ne, ba da yawunmu ya yi ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, siyasar gida tana da nata zauren. Mu tsaya kan Indiya. Sannan na goge saƙo ɗaya da ya zagi Yahudawa a matsayin jinsi. Muna maganar gwamnatoci ne a nan, ba za mu bar zagin al'umma ko addini ba, kowanne ne.

Dalibi_a_Hyderabad:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama, ni ina cikin ƙasar ina karatu. Duk tarihin da kuka kawo na yarda da shi, amma akwai abin da sai wanda yake nan zai ji a jikinsa. Bayan 7 ga Oktoba, wayoyin wasu 'yan ajinmu cike suke da tutar Isra'ila. Da na zauna da ɗaya daga cikinsu, yaro mai kirki wanda muke cin abinci tare, sai na gane ko taswirar yankin bai sani ba. Shi dai abin da ya riƙe, Isra'ila ƙasa ce da ba ta wasa da 'yan ta'adda, kuma yana so Indiya ta yi wa Pakistan haka. Idan ya ce 'yan ta'adda kuwa, na san wa yake nufi a zuciyarsa. Wannan sha'awar tsohuwa ce a cikin masu aƙidar Hindutva ta fifita Hindu, jagoransu Savarkar tun da daɗewa ya goyi bayan kafa ƙasar Yahudawa.

A ɗaya ɓangaren, mai gidan da nake haya dattijo ne Musulmi. Ranar Juma'a bayan an idar da salla a unguwarmu ta tsohon gari, liman ya yi addu'a ga mutanen Gaza, dattijon nan yana kuka har gemunsa ya jiƙe. Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce in yi hankali da abin da nake sawa a intanet, ni baƙo ne, biza gare ni. A jihar Kerala an yi gangami na dubban mutane a bakin tekun Kozhikode babu wanda ya hana, amma a wasu jihohin an kama mutane saboda ɗaga tutar Falasɗinu. Don haka ni ina bayan Yaya Abu Safiyya. Gwamnatocin baya sun yi ciniki da Isra'ila, wannan kuwa ƙaunarta take yi.

Malam_Tarihi:
Ɗana, maganarka tana da nauyi, Allah ya tsare ka. Abu ɗaya zan ƙara don kada lissafi ya karkace. Bayan yaƙin Kargil na 1999 tsakanin Indiya da Pakistan, inda Isra'ila ta gaggauta kawo harsasai da jirage marasa matuƙa da na'urorin saita bam, gwamnatin Vajpayee ta BJP ta karɓi firaministan Isra'ila Ariel Sharon a Delhi a Satumban 2003, aka sa hannu kan cinikin jiragen leƙen sama na Phalcon na sama da dala biliyan ɗaya a 2004. Sai Congress ta dawo ta yi shekara goma, 2004 zuwa 2014, da goyon bayan 'yan gurguzu a zangon farko, waɗanda suka fi kowa sukar Isra'ila. Shin ta juya wa Isra'ila baya? Ko kaɗan. A zamaninta aka fara haɗin gwiwar ƙera makami mai linzami na Barak-8. Abin da ta yi kawai shi ne firaministanta Manmohan Singh bai taka ƙafarsa can ba.

Manomin_Kadawa:
Ku kuna ta bindiga, ni gona na sani. Na taɓa zuwa horo kan noman rani a arewacin Indiya, aka kai mu cibiyar kayan lambu ta Gharaunda a jihar Haryana, wadda Indiya da Isra'ila suka kafa tare. Na ga tumatir a cikin rumfar leda ya hau igiya ya fi tsayin mutum, siririn tiyo baƙi yana bin gindin kowane tsiro yana ɗigo ɗaya bayan ɗaya, takin ma a cikin ruwan ake narkar da shi. Ƙasar tsakanin layuka a bushe ƙamas, ciyawa ba ta samun abin sha. Manoma suna zuwa da babura suna sayen dashe a faranti-faranti. Irin waɗannan cibiyoyi sun bazu a jihohi da yawa, wasu na mangwaro, wasu na lemo, wasu na rumman. Manomin da amfaninsa ya ninka ba za ka zo masa da zancen ƙuri'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya saurare ka ba. Har gwamnonin jihohin da ba na BJP ba suna zuwa Isra'ila neman wannan fasahar.

Ummu_Khalil:
Malam Manomi, tumatir ɗin na ji, Allah ya sa albarka. Amma ni uwa ce, kuma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne makamai sun fara tafiya ta ɗaya hanyar. A Hyderabad ɗin da ɗalibinmu yake, kamfanin Adani na Indiya da Elbit na Isra'ila suna da masana'antar jirage marasa matuƙa samfurin Hermes 900 tun 2018. A Mayun 2024 Sifaniya ta hana wani jirgin ruwa tsayawa a tasharta saboda ya ɗauko abubuwan fashewa daga Chennai zai kai Haifa. Ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Gaza fa. Wasu 'yan Indiya masu kishi sun kai ƙara Kotun Ƙoli a hana fitar da makaman, kotun ta ce wannan hurumin gwamnati ne. Ƙungiyar ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa ta ce mambobinta ba za su loda makaman ba, Allah ya saka musu. Sayen bindiga don kare kanka na fahimta. Sayar wa mai kashe yara kuwa ba zan taɓa fahimta ba.

Rifkatu_Jos:
Ina gaisuwa ga kowa. Ina so in kawo wani gefe da ba a taɓa ba. Yahudawa sun daɗe a Indiya ƙarni da ƙarni, akwai Bene Israel na yankin Mumbai, da na Kochi, da waɗanda suka zo daga Bagadaza. Na raka mahaifiyata jinya Kerala, da ta samu sauƙi muka je wurin ibadarsu na Paradesi a Kochi, wanda aka gina a 1568. Ana cire takalmi a ƙofa. Daɓen duka tayil ne shuɗi da fari da aka zana da hannu aka kawo daga Sin, fitilun gilashi suna rataye a sama, bangonsa kuma yana jingine da harabar fadar sarkin garin. Masu ibadar sun kusa ƙarewa, yawancinsu sun koma Isra'ila, inda yanzu akwai Yahudawa 'yan asalin Indiya kimanin 85,000. Janar Jacob, wanda ya tsara miƙa wuyan sojojin Pakistan a Dhaka a 1971, Bayahude ne ɗan Kolkata.

Sannan kada a manta da Nuwamban 2008. 'Yan bindigar da suka shigo Mumbai daga Pakistan suka kashe mutum 166, da gangan suka nemi gidan Yahudawa na Nariman House suka kashe malamin wurin da matarsa. Mai renon ɗansu, 'yar Indiya, ita ta ɗauko yaron ɗan shekara biyu ta gudu da shi. Daga ranar talakan Indiya da yawa ya fara jin cewa maƙiyinsu ɗaya da Isra'ila. Ko mun yarda da wannan tunanin ko ba mu yarda ba, daga nan ya samu gindin zama.

Hajiya_Bilki:
Na gode 'yar'uwa Rifkatu. Musulmin Indiya ma suna da tsohuwar alaƙa da wurin. Maulana Muhammad Ali Jauhar, jagoran gwagwarmayar Khilafat ta kare halifancin Usmaniyya, a harabar Masallacin Ƙudus aka binne shi a 1931. Kuma har yau akwai zawiyar Indiyawa a cikin tsohon birnin, wadda ake dangantawa da waliyyin Sufaye Baba Farid. Kowane ɓangare yana da tarihin da zai ɗaga.

Mai_Lissafi:
Mu dawo kan Modi, tunda shi ne tambayar. Abin da ya yi sabo shi ne ya raba tafiyar biyu. Kafin shi al'ada ce babban jami'in Indiya da ya je Isra'ila ya biya wajen shugabannin Falasɗinawa. A Yulin 2017 ya zama firaministan Indiya na farko da ya je, ya yi kwana uku, aka ɗauke shi hoto shi da Netanyahu ba takalmi suna taka ruwan teku, bai leƙa Ramallah, mazaunin hukumar Falasɗinawa, ba. Amma ku lura da raba ƙafar: a Mayun shekarar ya karɓi Mahmud Abbas a Delhi. A Disamba, da Trump ya ayyana Ƙudus babban birnin Isra'ila, Indiya tana cikin ƙasashe 128 da suka yi watsi da matakin. A Janairun 2018 Netanyahu ya zo Indiya, a Fabrairu Modi ya shiga Ramallah ta Jordan, Abbas ya rataya masa babbar lambar girmamawa. A shekarar aka ƙara gudummawar da Indiya take ba hukumar UNRWA mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu zuwa dala miliyan 5 a shekara. Ofishin jakadancinta har yau a Tel Aviv yake. Ko bayan rowar ƙuri'ar Oktoban 2023, a Disamba ta goyi bayan tsagaita wuta, a Mayun 2024 ta goyi bayan ƙara wa Falasɗinu matsayi a Majalisar, sannan a Yunin 2025 ta sake ƙaurace wa wata ƙuri'ar tsagaita wutar.

Ciniki kuwa daga dala miliyan 200 a 1992, kusan duka daimon da ake gogewa a Surat, ya kai wajen biliyan 10 a 2022 zuwa 2023. Indiya ce babbar mai sayen makaman Isra'ila, kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da take fitarwa.

Abu_Safiyya:
To ai wannan lissafin naka ni yake ƙarfafa. Ƙuri'a da miliyan biyar ga Falasɗinu, biliyoyi da tashar jiragen ruwa ga Isra'ila, tunda Adani ya sayi tashar Haifa a Janairun 2023 kan sama da dala biliyan ɗaya. Na karɓi cewa Rao ne ya buɗe ƙofar, Nehru ma ya taɓa leƙawa ta taga. Amma kunyar da ta hana na baya fitowa fili tana da amfani, ita take nuna cewa sun san akwai wanda ake zalunta. Modi ya cire ta, kuma ina nan kan bakana cewa ra'ayinsa game da Musulmi yana cikin dalilan.

Sojan_Ritaya:
Ƙanena, kunyar wa zai ji? Abin da ya tsare Nehru tsoron fushin Larabawa ne. A 2020 Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka ƙulla hulɗa da Isra'ila. A 2022 aka yi taron I2U2, Indiya da Isra'ila da Amurka da Daular Larabawa a tebur ɗaya. Modin nan Saudiyya ta ba shi babbar lambar girmamawa a 2016, Daular Larabawa ta ba shi tata a 2019, a shekarar kuma OIC da ta kori Indiya a Rabat ta gayyaci ministarsa Sushma Swaraj a matsayin babbar baƙuwa a Abu Dhabi. Indiyawa wajen miliyan tara suna aiki a ƙasashen Gulf, ba wanda ya kore su. Ko Congress ce a kan mulki yau, da wuya ta yi wani abu daban in ban da zaɓen kalmomi.

Dalibi_a_Hyderabad:
Baba Soja, Sonia Gandhi da 'yarta Priyanka, jiga-jigan Congress, sun fito sun soki shirun gwamnati kan Gaza da kakkausar murya. Priyanka har jaka mai rubutun Falasɗinu ta shiga da ita majalisa.

Sojan_Ritaya:
Suna adawa ne, ɗana. Shekara goman da Malam Tarihi ya ambata ita ce ma'aunina.

Ummu_Khalil:
Wani abu da ba a ambata ba: bayan Oktoban 2023 Isra'ila ta soke takardun aikin dubban magina Falasɗinawa. A Janairun 2024 sai ga dogayen layuka a Rohtak da Lucknow, matasa cikin sanyi riƙe da takardu suna neman a ɗauke su su je su maye gurbinsu, saboda albashin ya ninka na gida sau da yawa. Ban ga laifin yaran ba, talauci ne. A Maris ɗin shekarar makami daga Lebanon ya kashe wani ɗan Kerala yana aiki a gona a arewacin Isra'ila. Gwamnatin da ta tura su ita nake tuhuma.

DanZinder:
Akwai ƙafa ta uku da ba mu duba ba, wato Iran. A Mayun 2024 Indiya ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara goma ta gudanar da wani sashe na tashar jiragen ruwan Iran ta Chabahar, domin ta nan take isa Afganistan da tsakiyar Asiya ba tare da ta bi ta Pakistan ba. A Yunin 2025 da Isra'ila ta kai wa Iran hari, ƙungiyar Shanghai ta su Sin da Rasha ta fitar da sanarwar yin tir, Indiya mamba ce amma ta ce ba ta cikin waɗanda suka tattauna sanarwar, ta tsaya kan kiran a yi sulhu. Malam Tarihi, Mai Lissafi, a ganinku idan aka matsa mata lamba ta zaɓa tsakanin Chabahar da Haifa, wanne za ta saki? Ni ina ganin Chabahar, saboda takunkumin Amurka, amma ina son jin naku.